Ɗaya a aji, ɗaya a tsakar gida

A watan Maris na 2020 gwamnati ta rufe makarantu saboda annobar korona, kowane gida ya koma aji, yana so ko ba ya so. Wasu jihohi suka sa darussa a rediyo, masu hali suka koma WhatsApp, sauran yara kuwa suka yi ta wasa a lungu har Allah ya kawo Oktoba aka buɗe. Iyaye da yawa sun yi ajiyar zuciya ranar da yara suka sake sa yunifom. A gidan yayata da ke Kano, 'yarta ta fari ce kawai ta koma. Ƙanen yarinyar ya ci gaba da zama a gida, kuma da gangan aka bar shi.

Yaron sikila gare shi, ɗaya daga cikin jarirai kusan 150,000 da ake haifa da wannan ciwo a Najeriya duk shekara. Duk wanda ya yi renon mai sikila ya san abubuwan da ke tayar da ita: sanyi, ƙishirwa, gajiya, zazzaɓi. Makarantar boko kuwa ta tara masa ukun farko a wuri ɗaya. A tsaya asembili da sanyin safiya cikin hunturu. A hana shan ruwa a aji, alhali likita ya ce kada gorar ruwa ta bar hannunsa. Ya nemi izinin zagayawa sau biyu, malam ya ce wasa yake so, ba tare da ya san cewa masu sikila suna yawan fitsari ba. In ciwon ya tashi sai ya yi makonni a kwance, ya dawo ya tarar an wuce shi, jarrabawa ta zo ya ɗauki na kusa da ƙarshe. Har wani malami ya kira shi daƙiƙi a gaban 'yan ajinsu.

A watannin kulle Yaya ta ga wani yaro daban. Yana tashi sai rana ta ɗaga, ya sha maganinsa, ta shimfiɗa masa tabarma a inda hantsi ke bugawa, fulas ɗin ruwan ɗumi a gefensa. Ba malama ba ce, ɗinki take yi, amma ta yi sakandare. Da tef ɗin awon ɗinki ta koya masa rabi da kwata, da kuɗin cefane ta koya masa ragi. Kafin a buɗe makarantu yana karanta Hausa ba gargada, ya fara haɗa Turanci. Sai ta ce wa maigidanta, "Abban yara, a bar min shi tukuna."

Magana ta yi yawa a dangi. Hajiya, kakarsa ta wajen uba, ta ce an killace yaro kamar amarya, namiji sai da gwagwarmaya. Maganarta ba ta rasa tushe ba, domin yaro yana bukatar tsararsa. Akwai kuma doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, har da tara ko ɗauri ga wanda ya yi ta ƙin bi. Saboda haka Yaya ba ta cire sunansa daga rajista ba. Ta je ta zauna da hedimasta, ta kai masa takardar asibiti, suka daidaita: za a ba ta jadawalin darussan kowane zango, yaro zai zo gwaji da jarrabawa, zai kuma shiga aji a ranakun da jiki ya yarda. Islamiyyar yamma ba a taɓa ta ba, can yake haɗuwa da abokansa bayan la'asar, lokacin da gari ya yi ɗumi. Da lissafi ya fi ƙarfin Yaya, aka ɗauko wata mai yi wa ƙasa hidima tana zuwa lesin.

Karatu a gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai nawa ne suka sauke Alƙur'ani a zauren mahaifinsu? Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta tura mata malamai da ake kira jaji suna bin matan karkara har garuruwansu da ilimi tun a ƙarni na 19. Abin da ya canja shi ne yanzu takarda ake tambaya, don haka duk mai koyar da ɗansa a gida dole ya san ta wace ƙofa yaron zai shiga jarrabawa. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma wannan sai ƙarshen sakandare. Kafin nan, zaman suna a rajistar makaranta shi ne kariyar yaro.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai ba yaron ba ne, yayarsa ce. Ita lafiyarta ƙalau, tana son makaranta, tana cikin na gaba a aji, kuma daidai wannan ne ya sa aka daina kallonta. Ita ce ke tashi da asuba ta yi wanka da ruwan sanyi, ta hau adaidaita sahu, ta dawo da rana tsaka ta tarar da uwarta ta gaji da ɗinki da koyarwa. In ta kawo aikin gida sai a ce, "Ke ai kin iya, yi abinki." Ranar ba da sakamako in ta zo daidai da ranar asibiti, sai dai a aiki wani ya karɓo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Wata rana da daddare ina gidan, tana goge takalminta na makaranta, ta ce da uwarta a hankali, "Umma, ni ma da ina da ciwon, da kin zauna da ni ko?"

Tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Yaya ta ajiye almakashin da ke hannunta, ta kasa cewa komai.

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Iyaye suna ɗauka cewa yaron da aka kai makaranta an sallame shi, malamai sun karɓa. A ganina ba haka ba ne. Yarinyar ba ta bukatar a cire ta daga aji, da an yi haka an cuce ta, domin gasa da ƙawaye ce ke ƙara mata kaifi. Abin da ta rasa shi ne lokacin da zai zama nata ita kaɗai. Gyaran da aka yi bai ci ko sisi ba. Bayan sallar isha Yaya ta ware mata lokaci, a rufe keken ɗinki, a buɗe jakarta, a ji abin da ya faru a makaranta, har da wadda suka yi faɗa da ita. Abbansu ya ɗauki taron iyaye da malamai da ranar sakamako a wuyansa, ko da kasuwa na ci. Aka kuma daina ce mata ta koya wa ƙanenta abin da aka yi musu a aji sai in ita ta ga dama, domin ba malamarsa ba ce, yayarsa ce.

Yaron ya shiga ƙaramar sakandare tare da tsararsa. Har yanzu in hunturu ya kama yakan fi zama a gida, in zafi ya shigo ya koma aji sosai, kuma an yarda ya riƙe gorar ruwansa. Da hedimastan farko ya ce ko dai yaro ya zo kullum ko a cire sunansa, da ɗayan biyu ya faru: ko ya rasa karatu, ko ya ƙara yawan kwana a asibiti. Don haka ina roƙon shugabannin makarantu, na gwamnati da na kuɗi: in uwa ta zo muku da takardar likita tana neman irin wannan sassauci, ku ba ta kujera ku saurare ta, ku bar sunan ɗanta a rajista, ku ba ta jadawalin zangon.