Zaman Gida: Ku Ɗaure Kuɗin Dawowa Tun Daga Gida

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, yanzu ne lokacin biki da ziyarar dangi. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana a kan tafiyar miji da mata da kuɗi kaɗan. Bari in fara da abin da ya same ni.

An gayyace mu auren ɗan ƙanen uwargida a Kubwa, kusa da Abuja. Uwargida ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ni kuwa na yi mata alkawari. Iyayenmu sun san jirgi, gama layin dogo ya iso Kano tun 1911, ya ratsa ta Madobi da Dangora, amma yaran yanzu da yawa labarinsa kaɗai suke ji. Sabon jirgin Kaduna zuwa Abuja ya soma aiki a 2016, yana tashi daga Rigasa, tafiyar kilomita 186. Na zauna ni kaɗai na yi lissafi: kuɗin mota zuwa Kaduna, kuɗin jirgi zuwa Kubwa, sau biyu, mutum biyu. Na ce ya isa, har da saura. Ban nuna mata lissafin ba.

Ga yadda saurar ta narke. Daga Tudun Wada muka shiga mota zuwa Kwanar Dangora, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin Kano zuwa Zariya. Muna ɗauke da rabin buhun shinkafa na gudummawa, yaron mota ya ce sai an biya kuɗin kaya. A Kwanar muka jira mota ta cika, rana ta take, muka sayi abinci. A motar Kaduna aka sāke karɓar kuɗin kaya. Da muka sauka a Kawo na tarar Rigasa tana can wani gefen gari, sai da muka yi shatar keke. Muka isa, jirgin ƙarshe ya riga ya tafi. Ga dare, ga baƙunta. Tilas muka kama ɗaki.

Washegari na sayi tikiti, na duba aljihu, na ga abin da ya rage ba zai kai mu ko Zariya ba ran dawowa. Na yi shiru. Uwargida ta dube ni, ta ce, “Maigida, lafiya?” Na faɗa mata gaskiya. Sai ta kwance bakin zanenta, ta ce, “Ga kuɗin akuyar da na sayar. Na san ba ka lissafa dawowa da kyau ba, amma ba ka tambaye ni ba.” Kunyar da na ji ta fi nauyin shinkafar.

To, ga abin da na koya, ko zai amfane ku.

Na fari, ku zauna ku biyu ku yi lissafi daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Kuɗin babbar mota da na jirgi kowa yana tunawa da su. Abin da yake cinye guzuri shi ne acaɓa, da keke, da kuɗin kaya, da ruwan sha, da tsarabar yara. Mace takan tuna da waɗannan fiye da namiji, domin ita ce take ƙirga kwabo a kasuwa. Kada kuma ku dogara ga farashin da kuka sani dā. Sa'ad da gwamnati ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Ku aika tasha a tambayo.

Na biyu, ku ware kuɗin dawowa tun kafin ku fita, a ɗaure shi dabam, a hannun wanda ya fi iya riƙo. Sauran kuma ku raba biyu, domin in an yanke aljihu ɗaya, ɗayan ya tsaya.

Na uku, ku yi sammako. A ƙasar Indiya masu ƙaramin ƙarfi sukan shiga jirgin dare mai gadaje, su kwana suna tafiya, kuɗin masauki ya huta. Wannan dabara ba ta yi mana ba. Mutanen Doguwa da masu zuwa Jos ta Saminaka sun san dajin Falgore: a ratsa shi da rana. Jirgin Kaduna ma da dare ne 'yan bindiga suka tare shi a watan Maris 2022, bai koma aiki ba sai Disamba. In jirgi za ku shiga, ku sa wani yaro mai waya ya duba muku lokacin tashi, ya sayi tikiti ta intanet, ku riƙe katin shaidar ɗan ƙasa.

Na huɗu, ku shiga mota a tasha. Ta bakin titi ta fi araha, amma ba wanda ya san direban, ba wanda ya rubuta sunanku. Araha ba ta ado.

Na biyar, ku tafi da guzuri. Dambu, da ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwai, da gorar ruwa sun ishi mutum biyu har Kaduna.

Duk da haka kada wahalata ta hana ku fita. Da jirgin ya tashi daga Rigasa, uwargida ta manna fuska a taga kamar yarinya, tana nuna mini gonaki da duwatsu. Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa samun awa biyu ina hira da ita ba yaro ba baƙo sai ran nan. Wannan kaɗai ya biya kuɗin akuya, ko da yake har yanzu tana bi na bashinta.

Allah shi kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.