Ba rana ce ta haukata su ba

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, in ya wuce Tasawa, zai iske wani gari ana ce masa Maijirgi. A nan akwai kaburbura biyu na hafsoshin Faransa, kaftin Voulet da kaftin Chanoine. Mutane da yawa sun ji labarin ɓarnar da suka yi a ƙasarmu a shekarar 1899, amma kaɗan ne suka san yadda ƙarshensu ya kasance, da hujjar da aka kawo don a rufe maganar.

Gwamnatin Faransa ce ta aiko su, da umurnin su kai Tafkin Cadi su haɗu da wasu rundunoni biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kongo. Ba a ba su guzurin da zai ishe su ba, sai suka mai da garuruwanmu rumbunsu. Garin da ya hana hatsi ko ƴan dako, wuta ce rabonsa. A Lugu, ran 16 ga Afrilu, Sarauniya Mangu ta tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau jikokin mutanen garin ba su manta ba.

Labari ya kai Pari ta wata wasiƙa da laftanan Peteau, wanda aka kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa. Sai aka umurci kanal Klobb ya taso daga Tumbutu ya bi sawunsu. Toka da gawarwaki ne suka yi masa jagora. Ya cim musu a Dankori ran 14 ga Yuli, wato ranar sallar ƙasar Faransa. Voulet ya sa sojojinsa suka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce. Daga nan Voulet ya shaida wa abokansa cewa shi ya bar Faransa, daular kansa zai kafa.

To, ga abin da ba a cika faɗi ba. Babu kotun da ta hukunta mutanen nan biyu. Sojojinsu baƙar fata, waɗanda aka kwaso daga yamma, su ne suka juya musu bakin bindiga da suka ga ba su da ranar komawa gida. Ran 16 ga Yuli suka kashe Chanoine, kashegari kuma mai gadi ya harbe Voulet. Kada mu yi wa sojojin nan kirari, domin hannunsu ne ya cinna wa Ƙonni wuta, amma tarihi ya kamata ya faɗi wanda ya yi.

A shekarar 1902 aka rufe bincike a Pari, aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa musu hankali. Wannan magana ba ta karɓuwa. Ranar da ta doki Voulet ita ce ta doki Klobb, kuma ita ce kakanninmu suke noma a ƙarƙashinta tun fil azal, ba su ƙona garin kowa saboda ita ba. Bayan haka, mutuwarsu ba ta tsai da tafiya ba. Kafin watan Yulin nan ya ƙare, rundunar ta ci yaƙin Tirmini ta shiga Damagaram. Ta ci gaba har Cadi, ta kuma halarci yaƙin Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900, inda aka kashe Rabe. Faransa ta ce ɓarawon mahaukaci ne, amma ta riƙe kayan. Hausawa kuwa sun ce abokin ɓarawo, ɓarawo ne.

Waɗanda suka yi kisa, an san sunayensu da ranar mutuwarsu da inda aka rufe su. Waɗanda aka kashe tun daga bakin kogin Kwara har Tasawa fa, wa ya rubuta nasu? Shaidun gani da ido sun riga mu gidan gaskiya, amma labarinsu yana nan a bakin jikoki. Ku da Allah ya ba alƙalami, ku zauna gaban tsofaffin garinku, ku tambayi sunan unguwar da ta ƙone da gidan da aka rasa, ku rubuta tun kafin su ma su tafi.