Fito da Takardun Gidan Nan

Da kai nake, babban wa. Kai da ka kulle ɗakin mahaifinku a Anguwan Rukuba tun ba a tashi daga zaman makoki ba, ka zura makulli a aljihu, ka kwashe takardun gida ka cusa ƙarƙashin katifarka. Da ƙannenka mata suka buɗe baki, sai ka ce mace ba ta gadon ƙasa, wai gidan wani za ta kai. To, kai ina ka kai shi? Ba dillali ka kira ba?

Gidan nan kwano ɗaya-ɗaya aka rufa shi. Tsoho ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin kuza, tsohuwa ta yi dakon dankali da kabeji zuwa kasuwar Terminus, har gobarar 2002 ta cinye ɗan jarinta. 'Yan'uwanka mata da ka raina, tallarsu ce ta biya kuɗin makarantarka. A lokacin ba ka ce kuɗin mace na gidan wani ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda irinku suka fake da rikici. Tun daga Satumbar 2001 garin Jos ya rabu, Kirista ya koma cikin Kiristoci, Musulmi cikin Musulmi, aka yi ta sayar da gidaje a wulaƙance. Tsoro gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma da yawanku a cikin hayaƙin nan kuka karɓi kuɗi, kuka ce wa mata "ai ba su taka kara sun karya ba". Nawa ne? Shiru. Wa ya shaida? Shiru.

Kada ka jingina da addini, ba zai ɗauke ka ba. In coci kake zuwa, buɗe Littafin Ƙidaya sura 27, ka ga yadda aka ba 'ya'yan Zelofehad mata biyar gādon ubansu. In masallaci ne, Suratun Nisa'i ta yanka wa matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, ta ba 'ya mace rabin kason namiji. Rabi aka ce, ba hannu wofi ba. Hukuma ma ta gama magana: a 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki.

Na ji wani mai ɗan karatu yana cewa ai a Ingila ma ɗan fari ne ke kwashe komai. A da haka ne, amma ya ci rabin labari ya tashi. Bayan dokar 1285 manyan gidajensu sun riƙa ɗaure ƙasar, magaji ya ci amfaninta amma ba shi da ikon sayarwa. Zuriyar Percy ta sayi fadar Alnwick a 1309, kuma har gobe tana hannunsu. Da maza suka ƙare a gidan a 1670, mace ce ta riƙe gādon. Daga baya wani Hugh Smithson ya auri jikarta, a 1750 ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na Percy. Su sun riƙe gida fiye da shekara 700, kai ko shekara biyu ba ka iya ba.

Ku kuma baffanni da dattawan unguwa da kuka sa hannu a takardar ciniki aka ba ku na goro, kun san akwai mata a gidan, ku kuka karɓi sadakinsu.

Yanzu tsohuwa tana haya a ɗaki ɗaya, ruwan damina na zuba mata a kan tabarma. Motar da ka saya da kuɗin kuwa wata na huɗu ke nan tana kan duwatsu a wajen bakanike a Farin Gada.