Duwatsun Murhu Uku

'Yan'uwa, a shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya, wato UBE, a Sakkwato. A 2004 ya zama doka: karatun shekara 9 kyauta, kuma dole, ga kowane yaro, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare.

Dokar ta raba nauyin gida uku. Gwamnatin Tarayya takan ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ta hannun hukumar UBEC. Jiha ba ta karɓar tallafin gina azuzuwa sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma kuwa ita ce kusa da malami da allo. Duwatsun murhu ke nan. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife, yaron ƙauye ne kuma zai kwana da yunwa.

Me ya sa wannan ya dame mu a ƙasar Daura? Domin a makarantar gwamnati ne ɗan manomi, da ɗan makiyayi, da ɗan baƙon da aiki ya kawo, suke zama a benci ɗaya. Wanda kuka ci ƙosai tare lokacin tara, da wuya a zuga shi a kanka bayan ya girma. Wanda aka bari a waje kuwa, kowane mai mugun nufi zai iya ɗaukarsa haya.

Muna roƙon Abuja da Katsina da ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu su riƙa zama tare, a biya kaso kan lokaci, a kai malamai har ƙauyukan bakin iyaka. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta, wadda aka kafa a 2023, ita ma sai da jiha da masarauta za ta kai ga yaran.

A tuna kuma da sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Kiyaye shi yakan kwantar da hankalin iyaye, Musulmi da Kirista.

Mu ma da namu aikin. Kada ƙarancinmu ya sa mu noƙe. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su shiga kwamitin makaranta da taron iyaye da malamai, su tambayi inda aka kwana, su yi magana domin 'ya'yan unguwa duka.

Allah ya ba shugabanninmu hikima. Amin.