Masu Yi Wa Gwamnati Aiki Kyauta Da Sunan Adawa

Jama'a, yau da 'yan gida nake, ba da 'yan can ɓangaren ba. Akwai wani saƙon murya da ke ta zagaya guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, wai rajistar inshorar lafiya da ake yi wa talakawa dabara ce ta ƙayyade haihuwar 'yan Arewa, wai kuma duk wanda ba shi da kati ko haɗarin mota ya yi asibiti ba za su taɓa shi ba. Wasu daga cikin sojojin bakanmu sun ɗauka sun liƙa a Facebook, har da tambarin tafiyarmu a jiki. To ni dai na ce ƙarya ce, kuma wanda ya fi kowa cin ribarta shi ne wanda muke adawa da shi.

Mu fara da zancen gaggawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Jonathan ya sa wa hannu a 2014, a sashe na 20 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane irin dalili ne. Babu maganar kati a wurin. Ana karya dokar? Ƙwarai kuwa, kowa ya san yadda ake cewa a fara zuwa wajen biyan kuɗi alhali mutum na zubar da jini. To ai nan ne ya kamata mu kama su. Amma in ka ce wa mutane doka ce ta ce a bar su su mutu, ka wanke mai laifin tas, ka kuma raba talaka da haƙƙin da bai ma san yana da shi ba.

Ita wannan dokar ta 2014 ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF. Ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba ciki. Rabi na biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 45 na magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55, bayan shekara huɗu dokar na kwance a takarda. Daga baya Buhari ya sa hannu a dokar NHIA a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, aka yi ta shelar cewa mutum miliyan 83 zai ɗauka.

Kun ga tambayoyi nan birjik. Mutum nawa aka yi wa rajista a mazaɓarku cikin wannan miliyan 83? Su wa suka zaɓo sunayen, jami'an lafiya ko kansila da 'yan korensa? Asibitin sha-ka-tafi na unguwarku yana karɓar kasonsa, in yana karɓa me ya sa har yanzu ake rubuta wa mai ciki takarda ta je kemis ta sayo safar hannu da auduga? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, cikin gidanmu, suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, tana ta lilo ne a wajen kashi 5. Har yau fiye da kashi 70 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita. Waɗannan ba su da amsa mai daɗi, shi ya sa suke murna in muka kawo musu ƙanzon kurege. Ƙaryata shi minti biyar ne a gidan rediyo, daga nan sai a ce ai 'yan adawa maƙaryata ne, an rufe babi.

An taɓa yi mana irin wannan. A 2020, lokacin korona, Femi Gbajabiamila ya kawo ƙudirin dokar cututtuka masu yaɗuwa a Majalisar Wakilai. Ƙudirin na da aibi na gaske: an kwafo mafi yawansa daga dokar Singafo, kuma ya jibga wa shugaban NCDC iko mai ban tsoro. Sai wasu suka fito da zancen wai Bill Gates ya ba majalisa cin hancin dala miliyan 10. Hujja? Babu. Nan take majalisa ta samu abin riƙewa, aka kafa kwamitin binciken masu zargin, aka koma gardamar Bill Gates, kwafen da aka yi ido-rufe kuwa ya koma gefe.

Zancen ƙayyade haihuwa kuma, wallahi shi ya fi ƙona min rai, domin mun san kuɗin da muka biya a kansa. Na yarda tsoron mutanenmu yana da tushe. Abin da Pfizer ya yi a Kano a 1996, gwajin Trovan a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau, ba tatsuniya ba ce. Amma da aka hau kan wannan tsoron aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, sai da aka kai tsakiyar 2004 kafin a dawo, cutar kuma ta tsallaka har Sudan da Yaman da Indonisiya. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, ga su nan a kan kekunan guragu a bakin danja. Cikinsu akwai ɗan gwamna? Akwai ɗan wanda ya yi ta zuga a lasifika?

Haka wannan ma za ta ƙare. Mai naɗar saƙon muryar, in matarsa ta tashi haihuwa asibitin kuɗi zai kai ta. Wadda ta ji ta tsorata ta ƙi zuwa rajista ita ce matar mai turin baro, ita ce kuma za a nemi kuɗin tiyata a hannun mijinta da tsakar dare. Kuma mai turin baron nan shi ne ya sha rana a layi ya zaɓe mu.

Na san za a ce Malam ka koma can ne, ko an ba ka data. A faɗa. Ni dai ina roƙon admin-admin na guruf ɗinmu su goge saƙon nan yau, wanda ya sake turowa a cire shi. Shugabannin mazaɓa kuma kowa ya taka zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da shi cikin makon nan, ya tambayi in-caji mutum nawa ke cikin rajista, yaushe kuɗi suka shigo na ƙarshe, wane magani ne babu. Ku ɗauko hoton kantar maganin, ku turo da sunan mazaɓa, mu buga a nan ɗaya bayan ɗaya.