Bargon hannu: Sana'ar cikin gida da ta rasa mai saye

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen watan Nuwamba, kasuwar bargo kan buɗe. A Kantin Kwari da ke Kano da sauran manyan kasuwannin Arewa, za a ga barguna jibge cikin jakunkunan leda masu zif, mafi yawansu daga China aka kawo su. A Ƙofar Wambai kuwa dilar gwanjo ake kwancewa, masu ƙaramin ƙarfi suna zaɓen wanda aljihunsu zai iya ɗauka. Daga nan har zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin dare a garuruwa irin su Jos da Kano kan sauko kusa da digiri 10, babu gidan da ba ya bukatar abin rufa.

A daidai wannan lokaci, cikin gidaje da yawa akwai matan da suka ƙware a saƙa da kwarashi, akwai kuma masu keken ɗinki da ke iya haɗa ƙyallaye su fitar da mayafi mai kauri. Sun iya aikin, suna kuma bukatar kuɗin. Sai dai abin da suke saƙawa ba ya wuce maƙwabta da 'yan uwa, galibi ma kyauta ake bayarwa ranar suna. Ga masu bukatar bargo, ga masu iya yin bargo, amma kuɗin yana tafiya ƙasashen waje. Wannan hasara ce da za a iya ragewa, idan hukumomi da masu sana'ar kansu suka yi abin da ya dace.

Ba baƙuwar sana'a ba ce

Ƙasar Hausa ta daɗe tana rufe kanta da abin da ta saƙa. Tsofaffi sun san gwado, mayafin auduga mai kauri, sun kuma san luru mai ratsi-ratsi. Mata ne ke kaɗa audugar da mazari su fitar da zare da abawa, masaƙa su saƙa, marina su rina. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a shekarar 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa da rinawa a garin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Bayan saƙar gargajiya sai masaƙun zamani suka zo. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a cikin shekarun 1960, Kaduna ta zama garin masaƙu, manoman auduga na yankin Funtuwa da Gusau suka samu kasuwa. Daga baya rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da kaya masu araha daga Asiya suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. An ware asusun Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da harkar auduga da masaƙu, Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun dalar gwamnati a watan Maris na 2019, sannan ya janye hanin a Oktoban 2023. Har yau masaƙun ba su koma yadda suke ba.

Duk wannan ƙoƙari manyan masana'antu ya dosa. Ba a cika tunawa da ƙaramar masaƙar da ke tsakar gida ba, wadda ba ta bukatar janareta ko bashin banki.

Bargo iri biyu ne, kasuwa ma biyu

Bargon da ake yi a gida ya kasu gida biyu, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren farko da masu shirye-shiryen koyar da sana'a ke yi.

Na farko shi ne na kwarashi. Mai saƙa kan fara da sarƙa, ta riƙa ɗora layi kan layi har bargon ya kai girman da take so. Wata hanyar kuma ita ce ta saƙa ƙananan murabba'i masu launi daban-daban, idan sun taru ta haɗa su da allura ko da kwarashin, ta zagaye bakin da ado. Wannan hanyar ta fi dacewa da matar aure mai hidimar gida, domin tana iya gama murabba'i ɗaya kafin tuwo ya nuna, kuma ragowar ulun da ya yi kaɗan ga rigar sanyi ba ya zama asara. Akwai wani abin da ya bambanta kwarashi da sauran saƙa: injinan masana'anta suna yin rigunan sanyi da safa, amma ba su iya kwaikwayon ainihin saƙar kwarashi. Duk bargon kwarashi na gaske, hannun mutum ne ya yi shi.

Na biyu shi ne na ɗinki. Ana tara ƙyallayen atamfa da shadda da yadi, irin waɗanda teloli ke sharewa su zubar ko su ƙona, musamman gabanin sallah. A yanka su daidai wa daida, a haɗa su da keke su zama fuska ɗaya. Sai a samo yadi na baya, a sa auduga ko tsohon zani mai tsafta a tsakiya, a bi su da layukan ɗinki yadda cikin ba zai tattare ba idan an wanke. Wadda hannunta ya faɗa tana iya gama ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma mafi yawan kayan aikin kusan kyauta ne.

Lissafin da ba a yi

Babbar matsalar masu kwarashi ita ce farashi. Mace za ta lissafa kuɗin ulu, ta ɗora ɗan abin da ba a rasa ba, ta sayar. Lokacinta ba ya shiga lissafi.

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 shi ne Naira 70,000. Idan aka raba shi kan kwana 22 na aiki, awa 8 kowace rana, awa ɗaya ta tashi kusan Naira 400. Ke nan bargon da ya ci wa mai saƙa awa 40, ladan aikinsa kaɗai Naira 16,000 ne, ba a sa kuɗin ulu ba. Shi kuwa abin da ake kira ulu a kasuwa, akasarinsa zaren roba ne da ake samarwa daga sinadaran man fetur, ko dai a shigo da shi daga waje, ko a sarrafa shi a gida da kayan da aka shigo da su. Farashinsa dala yake bi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024.

Wannan lissafi yana nuna gaskiyar da ya kamata a faɗa wa duk mai shiga sana'ar. Babban bargon kwarashi ba zai iya gogayya da ɗan China a araha ba. Kasuwarsa ita ce ta kayan jarirai, kyautar suna, kayan ɗakin amarya, da masu neman abin da ba kowa ke da irinsa ba. Bargon ɗinki shi ne zai iya shiga kasuwar talaka, ya kara da gwanjo. Wadda aka koya wa kwarashi aka ce ta je ta yi takara da Kantin Kwari, an tura ta ta yi wahalar banza.

Yadda wasu suka yi

A Bangaladash, mata sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwa su ɗinke su da hannu su zama mayafin da ake kira kanta. A shekarar 1978 ƙungiyar BRAC ta kafa shagon Aarong domin sayar da kayan hannu na matan karkara. Dabarar ita ce a biya mai sana'a da zarar ta kawo kaya, ba sai an sayar ba. Yau shagon yana cikin manyan masu sayar da tufafi a ƙasar.

A Afirka ta Kudu, Carolyn Steyn ta fara wani gangami na saƙa barguna 67 domin tunawa da Nelson Mandela. Abin ya bazu, har fursunoni a gidajen yari suka shiga saƙar. A watan Afrilun 2015 aka shimfiɗa bargunan da aka haɗa a harabar fadar gwamnati da ke Pretoria, faɗinsu ya haura murabba'in mita 3,000, suka shiga kundin bajinta na Guinness, sannan aka raba su ga mabukata.

A wurare biyun an samu wanda ya tsaya tsakanin mai saƙa da mai bukata, ya tattara kayan, ya tabbatar sun isa inda ake nemansu. Wannan mai tsayawa shi ne babu a nan.

Gwamnati ta zama mai saye

An saba ganin bikin raba kekunan ɗinki da sunan tallafa wa mata, musamman idan zaɓe ya ƙarato. A ɗauki hotuna, a watse. Bayan 'yan makonni wasu kekunan suna kasuwa, domin an ba mace keke ba a ba ta wanda zai sayi abin da ta ɗinka ba.

Alhali gwamnati da kanta babbar mai sayen bargo ce. Duk lokacin da aka yi ambaliya ko gobara ko rikici, bargo da tabarma suna cikin kayan farko da hukumar NEMA da takwarorinta na jihohi ke rabawa. An ga haka bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, da ta raba dubban ɗaruruwan mutanen Maiduguri da gidajensu. Ga sansanonin 'yan gudun hijira, ga makarantun kwana, ga asibitoci da gidajen marayu da gidajen gyaran hali.

Ba sabuwar doka ake bukata ba. Tun watan Mayun 2017 aka sanya hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida wajen sayayya. A watan Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan Najeriya. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa.

Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware wani kaso na bargunan da suke saye duk shekara ga ƙungiyoyin gama-kai na mata. A ba da odar tun damina, a fayyace girma da nauyi da irin yadin da ake so, a biya wani ɓangare tun farko don sayen kayan aiki, a cika sauran ranar da aka kawo kaya. A biya kai-tsaye cikin asusun ƙungiyar, kada a bi ta hannun ɗan kwangilar da zai je kasuwa ya sayo na waje ya canza masa leda. Hukumar SMEDAN da ma'aikatun mata za su iya taimakawa wajen rajista da sayen ulu a sari, sannan a haɗa ƙungiyoyin da ƙungiyoyin teloli domin tattara ƙyallaye.

Masu hannu da shuni da ke raba barguna ga almajirai da marayu lokacin sanyi su ma su duba. Wanda ya ba matan unguwarsu odar bargo 50, ya rufe yara 50, ya kuma sa tukunya ta hau wuta a gidajen da suka yi aikin.

Masu sana'ar ma da nasu

Ba za a ce mutane su sayi kaya don tausayi kawai ba. Bargon da gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko wanda ya zuba a wankin farko, ko wanda aka yi alkawarin kawowa ranar suna aka kawo bayan arba'in, shi ke kashe kasuwar sauran. Dole a auna, a wanke ƙyallaye kafin a haɗa, a cika alkawari. Waya ta sauƙaƙa talla: hoto mai kyau a WhatsApp ko Instagram yana kai kaya inda mai su ba ta taɓa zuwa ba. Amma sai an rubuta girma da farashi a fili, kuma abin da aka aika ya zama shi ne na cikin hoton.

Akwai kuma batun lafiya. Zaren roba narkewa yake idan ya taɓa wuta, ya manne a fata. A lokacin da ake shiga ɗaki da kaskon gawayi, wajibi ne mai sayarwa ta gargaɗi mai saye. Bargon jariri ya zama marar nauyi, mai ƙananan ƙofofin da yatsa ba zai maƙale ba, ba tare da duwatsun ado ko igiyoyin da yaro zai ja zuwa baki ko wuya ba. Jariri yana saurin rasa ɗumin jiki, don haka yana bukatar rufi da hula, amma ba a rufe masa fuska.

Bargon hannu ba zai maye gurbin masaƙun Kaduna ba, ba kuma zai kori na China daga kasuwa ba. Amma zai iya biyan kuɗin makarantar yaro, ya sayi magani, ya hana matar da mijinta ya rasu zuwa roƙo. Hunturu zai sake dawowa, kuma za a sake fitar da kuɗin jama'a a sayi barguna. Kafin a sa hannu a takardar kwangila ta gaba, ya kamata gwamnoni da kwamishinoninsu su tambaya: nawa daga cikin bargunan nan matan jihar za su ɗinka?