Kallon Tsuntsaye Ba Aikin Banza Ba Ne

A wannan watan za mu yi magana ne a kan wata sha'awa da muka shiga, wadda wasu 'yan uwa a zango suke yi mana dariya a kanta, wato kallon tsuntsaye. In sun gan mu bayan sallar asuba da tabaron hangen nesa a wuya da ɗan littafi a aljihu, sai su ce aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi. To, bari mu faɗi namu.

A nan Gana akwai tsuntsaye fiye da iri 700. Daga watan Satumba zuwa wajen Maris wasu kan taso tun daga Turai su sauka a tafkunan bakin teku, kamar na Sakumono da ke tsakanin Ankara da Tema, da na Keta, da bakin kogin Densu. A 1992 aka sa waɗannan wurare cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, amma duk wanda ya je Sakumono a yau zai ga yadda gine-gine suke cin gefen ruwan. Mutanen Kumasi kuwa suna da Owabi kusa da su.

Masu wannan sha'awa ba ƙungiyar manya ba ce. Akwai malaman makaranta, da ɗalibai, da direbobi, da ma'aikatan Ghana Wildlife Society. Ba a tambayar kabilarka ko addininka. Wanda ya fara hango tsuntsu sai ya nuna wa sauran da raɗa, mai tabarau ya ara wa maras shi. Sharaɗi ɗaya ne, ka iya yin shiru, wanda kuwa ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga ɗan zango.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ashe ba hannu rabbana muka je ba. Su suna da sunayen Turanci a littafi, mu kuma muna da namu a ka: balbela mai bin shanu, zalɓe mai tsayuwa a ruwa kamar an dasa shi, shirwa, cilakowa, hazbiya, carki, gauraka, da shamuwa wadda iyayenmu a arewa suke ganin zuwanta su san damina ta ƙarato. Amma ku gwada yaranku yau. Yaron da aka haifa a Nima ko Aboabo, in ya wuce kurciya da hankaka, komai "tsuntsu" ne a wurinsa. Sunayen nan suna bakin tsofaffi, kuma tsofaffin tafiya suke yi.

Sai maganar angulu, wadda ita ce ta fi damun mu. Wa ya taɓa zaton za a nemi angulu a rasa? Da can a kowace mahauta da juji ana korar ta ne. A 2015 hukumar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda suke dab da ƙarewa. Guba na kashe ta, ana sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, ga shi kuwa ƙwai ɗaya tak take sakawa. Sannan akwai masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu. Kada mu ɓoye wa juna, cikin masu wannan fatauci akwai masu jin harshenmu. Alhali ita ce take kwashe mushe kyauta kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Mahautanmu sun fi kowa sanin yaushe suka daina ganin ta, kuma irin wannan labari ne masu ƙidaya suke nema ido rufe.

Kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, har da nan, kuma ana maraba da sabon shiga. Wanda bai da halin zuwa bakin teku, dajin Achimota ko lambun jami'ar Legon ya ishe shi farawa. A fita kafin rana ta ɗaga, a sa tufa mai duhu, a riƙe biro da takarda, a rubuta suna da wuri da rana. In akwai wani dattijo a gida mai sauran ƙarfin ƙafa, a tafi da shi tare da jikokinsa.